Sanyin Ƙasa da Garin Kwaki: Kwana Bakwai a Tsaunukan Sikotlan

Da na gaya wa Umma cewa zan yi tafiyar kilomita 154 a ƙafa, in riƙa kwana a tanti, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ke da aka tura karatu, kwanan daji kuma ya kawo ki? Da kuɗinki?" Na ce, "Umma, ku dai sa mana albarka." Gaskiyar ita ce kuɗin ma babu. Na miƙa babi na uku na kundin bincikena, kaina ya cushe, kuma abin da ya rage a asusuna ba zai biya ɗakin otal na kwana biyu ba.

Hanyar sunanta West Highland Way. An buɗe ta a 1980, ta tashi daga Milngavie a gefen Gilasgo, ta bi gaɓar tafkin Lomond, ta ƙare a Fort William, a gindin Ben Nevis, dutse mafi tsawo a Birtaniya. Dokar Sikotlan ta 2003 ta ba mutum damar kafa tanti a yawancin filayen da ba a killace ba, in dai zai bar wurin tsaf. Sai dai a wasu sassan bakin tafkin, daga Maris zuwa Satumba, sai da izini ko a sansanin da aka tanada. Ni da ƙawata, 'yar zangon Kumasi, muka zaɓi watan Mayu, kafin ƙananan ƙudajen nan masu cizo su yi yawa.

Daren farko, kusa da Drymen, ban runtsa ba. Na aro jakar barci mai kauri, na kuma sayi katifar hurawa mafi araha a intanet. Wajen ƙarfe uku na ji bayana kamar an ɗora shi a kan ƙanƙara. Da gari ya waye na ce wa ƙawata, "'Yar'uwa, ni fa zan hau mota in koma."

Wata dattijuwa da ke naɗe tantinta kusa da mu ta taɓa katifar tawa, ta girgiza kai. Ita ta fahimtar da ni cewa ƙasa ce ke shanye ɗumin jiki. Jakar barci tana riƙe ɗumi ne da iskar da ke maƙale a cikin abin da aka cusa mata. Ɓangaren da ka danne da nauyinka ya lotse, ba ya tare komai. Katifata kuwa iska ce zalla a ciki, tana ta kai ɗumina ƙasa.

Daga baya na gane sauran. Shimfiɗun tafiya suna da lambar da ake kira R: iya girmanta, iya tare sanyinta. Tabarmar soso mai naɗewa tana da kusan 2, kuma in ka haɗa shimfiɗa biyu, lambobinsu ma haɗuwa suke. Jakar barci ita ma tana da lambobin sanyi a jikinta. Ki duba ta jin daɗi, 'yar'uwa, kada ki ruɗu da ta can ƙasa, wadda ke nufin za ki tsira da ranki kawai. A ƙasar da ruwa ba ya sallama kafin ya sauko, jaka mai zaren roba ta fi dacewa da ɗalibi: ta fi ta gashin agwagwa araha, kuma ko ta ɗan jiƙe tana ɗumi.

Dare uku na yi ina shimfiɗa jakar goyona da rigar ruwa a ƙarƙashin katifa. Nakan cika gora da ruwan zafi in sa a ƙafa, in ware safa busasshiya ta barci kaɗai, in cusa kaya a ƙaramar jaka ta zama matashi. A Tyndrum na sayi tabarmar soso da kuɗin da bai kai na abincin dare a gidan abinci ba. A daren na yi barcin da ban yi irinsa ba tun farkon zangon karatu.

A wajen abinci kuwa mu muka koya wa wasu. Busasshen abincin matafiya da ake zuba wa ruwan zafi, leda ɗaya ta kusa cinye kuɗin guzurinmu na yini guda, ga kuma binciken ko namansa halal ne. Tun a Gilasgo muka shiga shagon kayan Afirka muka sayi garin kwaki, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da dabino. Kilishi da ya fi dacewa, amma doka ta hana shigo da nama Birtaniya a jaka daga ƙasashenmu. Da safe ots da madarar gari. Da rana gari da sukari da gyaɗa, ba sai an kunna wuta ba. Da dare kuskus, wanda minti biyar cikin ruwan zafi ya ishe shi, da kifin gwangwani da yaji. Kwalbar gas ɗaya ta kai mu ƙarshe.

Daga Tyndrum zuwa Kinlochleven, kusan kilomita 45, babu shagon cefane. A tsakiyar fadamar Rannoch, iska na kaɗawa, muka tarar da wani saurayi zaune a kan dutse, guzurinsa ya ƙare. Ƙawata ta jiƙa masa gari a kofi. Ya shanye tas, ya ce a rubuta masa sunan.

Ranar da muka isa Fort William na kira gida. Umma ba ta tambayi dutse ko tafki ba. Cewa ta yi, "Kin ci abinci? Kin yi barci?" A karon farko cikin watanni, na amsa mata duka biyun ba tare da ƙarya ba.