Boɗinga da Shagari: Hutun Iyali a Tsohuwar Gaɓar Teku

Da zarar makarantu sun rufe a watan Disamba, tallace-tallacen yawon buɗe ido kan cika wayoyinmu. Za ka ga farin rairayi da itatuwan kwakwa, da yara suna tsalle a bakin ruwa a Legas ko Badagry, ko can Zanzibar da Mombasa. Magidanci ma'aikaci a Sakkwato ya duba hoton, ya lissafa kuɗin jirgi da masauki na mutum shida, ya tarar lissafin ya haɗiye albashin watanni, sai ya kife wayar. Daga nan magana ta ƙare. Yara su shafe makonnin hutu tsakanin talabijin da wayar uwarsu, su koma makaranta ba su ga komai ba in ban da bangon gidansu. Wannan asara ce, kuma tushenta zaton da ya shige mu cewa hutun iyali ba ya cika sai an ga teku, wanda ba shi da halin zuwa can kuwa sai ya haƙura.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ƙasar nan da muke takawa ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya malale kwarin Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ragowar halittun wancan ruwa ce. A duwatsun Dange, maƙwabciyar Boɗinga, ana tsintar haƙoran kifaye da ɓawon halittun ruwa da suka daskare suka zama dutse. Akwai wata ƙatuwar dabbar teku da ta ɓace daga duniya wadda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, saboda a yankin Goronyo aka tono ƙasusuwanta. Saboda haka lokacin da na ce wa yarana za mu tafi gaɓar teku a cikin mota mu dawo kafin magariba, ban yi musu ƙarya ba. Tekun ne ya riga mu tashi.

Mu bakwai muka fita bayan karin kumallo, ni da maiɗakina da yara huɗu da mahaifiyata, muka ɗauki hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega. Hazon hunturu ya lulluɓe gonakin da aka girbe, karan gero a tsaye, shanu suna kala a tsakaninsu. Mun wuce filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ba a yi rabin sa'a ba muka shiga Boɗinga.

Matafiyi da yawa ba su san Boɗinga da komai ba sai wurin da direba ke rage gudu. Alhali kuwa a wannan gari Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya kafa mazauninsa bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, don ya kasance kusa da yayansa da ke Sifawa, kafin daga baya ya koma Gwandu. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1813, ya haɗa Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tattara waƙoƙinsa na Larabci tare da labarin jihadi kamar yadda ya gan shi da idonsa. Na tambayi babbar ɗiyata, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, ko ta taɓa jin sunan littafin. Ta ce ta ji sunan marubucin a darasin tarihi, amma ta ɗauka duk rayuwarsa a Gwandu ya yi ta. Ba laifinta ba ne. An karantar da ita sunaye da shekaru, ba wanda ya gaya mata cewa wurin da abin ya faru bai kai tafiyar rabin sa'a daga ajinsu ba.

Sifawa tana nan dab da Boɗinga, kuma ita ce zuciyar tafiyar. Nan Shehu Usmanu ya zauna daga wajejen 1810 zuwa 1815, kafin ya ƙaura zuwa Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A zaman Sifawa ne, a 1812, ya raba ragamar mulki gida biyu: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello. Shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu, ɗalibai suna zuwa masa daga nesa. Mutumin da daula ta faɗo hannunsa ya miƙa ta ga wasu, ya zaɓi buzu da allo. Na sha faɗar wannan a aji, amma ban taɓa ganin maganar ta shiga kunnen yaro ba kamar ranar da na faɗe ta a tsaye cikin garin, ƙura tana kaɗawa, awaki suna giftawa.

Wani dattijo da muka taras zaune a inuwa shi ya yi mana jagora zuwa wuraren da mutanen garin ke nunawa a matsayin gidan Shehu da masallacinsa. Bayan mun gaisa ya dube ni ya ce, "Malam, daga ina kuka hito da wanga ayari?" Na ce, "Baba, daga cikin birni muke, yara na kawo su ga wuri." Ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Baƙi daga nesa suna zuwa, na kusa su aka wuya." Sannan ya juya ga mahaifiyata suka shiga hira irin ta tsofaffi, ta wane ɗan wane, har suka gano wata tsohuwar zumunta ta aure tsakanin danginsu. Autana, mai shekara bakwai, ya ja rigata ya ce, "Baba, ina benen Shehun yake?" Dattijon ya riga ni amsawa, ya ce masa Shehu bai gina bene ba, ɗalibai ya gina. Yaron ya yi shiru, amma da muka koma gida shi ya fara ba maƙwabta labarin.

Hantsi ya yi muka koma bakin hanya don neman abin taɓawa. A nan ma akwai darasi. Fura da nono daga hannun Fulani, balangu mai zafi a cikin takarda, rake da goruba, duk abincin ƙasar ne, kuma kuɗin da muka kashe ya shiga aljihun mutanen wurin kai tsaye. Abin da masana tattalin arziki ke yabawa game da yawon buɗe ido a Zanzibar ko Gambiya ke nan, wato baƙo ya zo da kuɗinsa ya bar su a hannun mai jirgin ruwa da mai gasa kifi. Mai fura a Boɗinga ba ta gaza su cancanta ba.

Kafin azahar muka isa Shagari. A nan aka haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari ranar 25 ga Fabrairun 1925, ɗan Magajin garin. Ya yi makarantar elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo ya karantar da kimiyya. A 1948 ya tsara Waƙar Najeriya, wadda ta zayyana labarin ƙasa da harshen Hausa don ɗalibai su haddace garuruwa da koguna cikin sauƙi. An naɗa shi Turakin Sakkwato a 1962. Ya zama zaɓaɓɓen shugaban ƙasa mai cikakken iko na farko ranar 1 ga Oktoban 1979, sojoji suka kifar da gwamnatinsa ranar 31 ga Disamban 1983. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamban 2018, aka kawo shi mahaifarsa aka binne washegari. Mun tsaya mun yi masa addu'a. Masu tarihi za su ci gaba da muhawara kan mulkinsa, da shirinsa na bunƙasa noma, da gidajen da har yau ake kira da sunansa a jihohi da dama, da kuma matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan faɗuwar farashin mai. Abin da na so yarana su gani ya fi wannan sauƙi: malamin makaranta daga ƙaramin gari irin wannan ya riƙe ƙasar nan, kuma da aka gama komai nan ya dawo.

Daga cikin gari muka nufi madatsar ruwa ta Shagari, inda yara suka sami abin da suka fito nema. Ruwa shimfiɗe, iska mai sanyi tana busowa daga kansa, masunta a cikin kwalekwale suna jefa birgi. Balbelu sun yi fari a gefe, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai gadi. A lokacin hunturu tsuntsaye masu ƙaura daga Turai kan sauka a dausayoyin yankin Sahel, don haka yaro mai lura zai iya ganin baƙon da ya ƙetaro Bahar Rum da Sahara da fukafukansa. A gefen ruwan manoman rani suna ban-ruwa a lambunan albasa da tumatir da tattasai. Muka shimfiɗa tabarma, maiɗakina ta buɗe kwanon dambu, muka sayi soyayyen kifi. Ɗana na biyu, wanda bai taɓa ganin albasa a cikin ƙasa ba, ya roƙi wani manomi ya bar shi ya tuge guda. Mahaifiyata ta zauna tana koya wa 'yan matan sunayen ciyayi da amfaninsu, ilimin da ba ya cikin kowane littafin da na mallaka.

Sai dai ruwa ba abokin wasa ba ne, kuma a nan dole murya ta sauya. Yaran sun nace a shiga da su kwalekwale, na hana, domin ban ga rigar kariya ko ɗaya a bakin ruwan ba. Wannan yanki ya san ɗacin abin. A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da mutanen ƙauyen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara da matasa. A watan Mayun 2023 aka sake yin irinsa da 'yan matan ƙauyen Dandeji, 15 suka riga mu gidan gaskiya. Waɗannan bayin Allah ba shaƙatawa suka fita ba, itacen girki suka tafi nema a ƙetaren ruwa. Duk wanda zai yi maganar mayar da wurin nan dandalin hutu, wajibi ne ya fara da su. Rigar kariyar da za a tanada don ɗan birni mai yawon buɗe ido, ɗiyar ƙauye mai neman itace ta fi shi buƙatarta, kuma ita ya kamata a fara ba. Haka nan ban bar yara sun yi wanka ba, saboda ruwan da ke kwance yakan ɗauki tsargiya, cutar fitsarin jini da ke shiga ta fata. Kallo da cin abinci a gefe sun wadatar.

Abin da wuraren nan ke buƙata bai kai tsadar otal mai hawa goma ba. Allo a bakin hanya da zai gaya wa matafiyi, da Hausa da ajami da Turanci, cewa ga abin da ya faru a Sifawa. Rumfa da bandaki mai tsabta, domin iyali mai mata da tsofaffi ba ya zama inda babu su. Matasan gari da aka horar su yi jagora, a biya su haƙƙinsu, kafin dattawan da suka riƙe labarin a ka su ƙare. Ƙa'idar yawan mutanen da kwalekwale zai ɗauka, da wanda zai tsaya a kanta. Jami'o'inmu na Sakkwato suna da sassan tarihi da labarin ƙasa da ilimin duwatsu, kuma ɗalibansu na iya rubuta ɗan littafin jagora a matsayin aikin kammala karatu. Mu malamai ba mu da uzuri a wannan. Makarantun sakandare kuma za su iya haɗa ziyarar Hubbare da gidan tarihi na Waziri Junaidu da ta Sifawa a yini guda.

A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wadda gwamnati ta ce tunaninta ya faro tun zamanin mulkin Shagari. In Allah ya nufa aka kammala, tafiya bakin teku za ta yi wa ɗan Sakkwato sauƙi, kuma ina fatan yarana su je su ga igiyar ruwa da idonsu, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma hanya ba ta tafiya gefe guda. Mutumin Badagry ma zai iya hawowa da iyalinsa, kuma ranar da ya iso zai tambaye mu abin da muke da shi na nunawa. Abin kunya ne a ce yaranmu ba su da amsa.

Ga magidancin da ke son gwadawa, shawarata kaɗan ce. A zaɓi lokacin sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauko. A fita da safe a dawo da sauran rana, a kuma tambayi halin hanya kafin a tashi, kamar yadda zamani ya koya mana. A ɗauki ruwan sha da tabarma, a sa sutura ta mutunci, a yi sallama ga masu gari kafin a ɗaga waya ana ɗaukar hoto. A tafi da kaka ko kakan yara in suna da ƙarfi, don su ne rabin darasin. Kowane yaro a ba shi ɗan littafi da alƙalami ya rubuta abu biyar da ya gani, a karanta tare bayan sallar isha'i.