Tanderun Gwaggo da Gurasar Italiyawa

Akwai wani murhu da ake tallarsa a intanet, mai siffar ƙwai, wanda aka gina da yumɓu aka shafe bayansa da fenti mai sheƙi. Asalinsa daga Japan ne, inda ake kiransa kamado, kuma tun 1974 wani kamfani a birnin Atlanta na Amurka ya shiga sayar da irinsa da sunan Big Green Egg. Gawayi ake zuba masa. Yana da ƙofar iska a gindi da wata a murfi, masu shi kuwa suna alfahari da cewa yana gasa fiza, abincin nan na Italiyawa, tamkar a birnin Napoli. Kuɗinsa ya isa jarin ƙaramin ɗan kasuwa a garinmu. Amma duk wanda ya tashi a gidan da ake gurasa, kallo ɗaya zai yi masa ya ce: ai tanderu ne aka sa wa riga.

A irin wannan gida na tashi, a Tudun Wadan Dankadai, inda gwaggona ta shafe fiye da shekara talatin tana gurasa. Da na kammala digiri da bautar ƙasa na dawo gida, takardun neman aiki suka yi ta tafiya ba amsa, sai tunanin sana'a ya fara hana ni barci. Na ga yadda ake sayar da fiza a manyan kantunan birnin Kano da tsada, alhali kayan haɗinta kusan duk namu ne. Ana noman alkama da tumatir a Kadawa da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a ƙasar Bebeji, kuma a wasu shekarun tumatir har ruɓewa yake yi a Kwanar Gafan don rashin mai saye. Albasa ba ta yanke mana, ɗoɗɗoya kuwa da kanta take fitowa a bayan gida. Tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, sai na kai maganar gaban mai tanderu.

Abin da sabon shiga zai fara cin karo da shi shi ne, gurasa a tsaye take gasuwa, fiza kuwa a kwance. Ana manna kwaɓin gurasa a jikin bangon tanderu daga ciki. In aka yi wa fiza haka, miya da nama duk a garwashi za su zube. Don haka Gwaggo ta aike ni wurin maginiyar da ke yi mata tukwane, aka gina mana kasko mai kauri, shafaffe, da murfin yumɓu, aka kuma huda gindin wani sabon tanderu domin iska. Muka kafa duwatsu uku a ciki, muka ɗora kaskon a kansu, sama da garwashi da kamar kamu ɗaya.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Fiza tana son zafi daga ƙasa da sama a lokaci guda. Garwashi daga ƙasa kawai yake bugowa, saboda haka gindin kwaɓin yakan ƙone tun albasar da ke sama ba ta yi laushi ba. A Napoli zafin tandarsu yakan haura digiri 400 a ma'aunin Selshiyas, fiza ta gasu cikin kamar minti ɗaya da rabi, domin rufin tandar yana maido da zafi a kanta. Na karanta wannan duka, na zo ina yi wa Gwaggo bayani da alƙaluma. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, ai ba wuta ke gasa gurasa ba, tukunya ce. Ka bar ta ta ƙoshi tukuna."

Ƙoshin tukunya shi ne dukan ilimin. Yumɓu ba ya karɓar zafi da gaggawa, in kuma ya karɓa ba ya saurin saki. Ana fara hura wuta kaɗan-kaɗan, don sabon tanderu yakan tsage in aka yi masa ba-zata. Ana jira harshen wuta ya kwanta, hayaƙi ya ɗauke, baƙin da ke jikin bango ya washe ya koma fari-fari. Daga nan a janye garwashin zuwa gefe, kada ya zauna daidai ƙarƙashin kasko, a toshe rabin ƙofar iska, a rufe murfi na ɗan lokaci domin shi ma ya sha nasa rabon. Gwaggo ba ta da ma'aunin zafi. Gari take barbaɗawa a kasko: in ya yi baƙi nan take, a dakata, in ya yi ja a hankali yana ƙamshi, lokaci ya yi. Kwaɓin kuma a faɗaɗa shi da hannu ya yi sirara, a rage ruwan tumatir a wuta kafin a shafa, kada kuma son burgewa ya sa a lafta kaya, domin nauyi da danshi su ne ke hana tsakiya nuna. A duk lokacin da aka ɗaga murfi don leƙe, zafin sama ne ke gudu. Wannan haƙurin shi ya fi ba ni wuya, ni da na saba da duba waya kowane minti.

Ranar da ta farko mai kyau ta fito, da balangu da albasa da ɗoɗɗoya a kai, Gwaggo ta gutsura ta tauna, ta ce, "Bandashe ne aka yi wa gaggawa." Na yi dariya, amma maganar ba ta wasa ba ce. Bandashe gurasa ce da ake yayyafa wa ruwa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa da tumatir. Fiza ma a Napoli abincin talakawa ce da ake ci a titi, kafin duniya ta ɗaure mata gindi. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa fiza na Napoli cikin al'adun da ɗan Adam ya gada. Matan Jakara da na garinmu, waɗanda gashin hannunsu ya ƙare a bakin tanderu, ba wanda ya rubuta sunan sana'arsu a ko'ina, kuma cikin 'ya'yan Gwaggo mata babu wadda ta yarda ta gaje ta. Abokaina kuwa har yanzu tsokanata suke yi, wai mai digiri ya koma aikin mata.

Abu biyu ne suka rage mini, kuma su za su yanke hukuncin ko wannan sana'a ce ko sha'awa. Na farko gawayi. Garinmu yana bakin dajin Falgore, kuma duk buhun da na saya ba na rasa tunanin daga inda ya fito. Shi ya sa nake fara ƙosar da tanderun da karan dawa da totuwar masara, gawayi sai a ƙarshe. Na biyu cuku. Wanda Italiyawa ke amfani da shi, mozarela, narkewa yake yi yana jan zare. Cukun da ake kawowa daga Nijar busasshe ne, ƙamewa yake ƙara yi a wuta. Mozarela kuwa sai an je birni, ga tsada, ga buƙatar firji, kuma ita kaɗai takan cinye ribar. Ga Fulani da shanunsu kewaye da mu har zuwa Doguwa, madara ba ta yi mana nisa ba. Na yi magana da wata mai tallar nono, ta yarda daga mako mai zuwa za ta riƙa kawo mini madarar safe, ƙwarya biyu, kafin ta yi tsami. Gwaggo ta ce za ta zauna ta ga yadda madara ke zama zare.