Bindigar Iska a Gure: Tsakanin Araha da Takardar Izini

Bindiga ba kalmar da ake furtawa da wasa ba ce a ƙasar Muniyo. Garin Gure, wanda ke kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram a kan hanyar Difa, ya san ƙarar albarushi tun kafin zuwan Nasara. A ƙarshen shekarar 1852 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, ya yada zango a Gure, ya tarar da Muniyoma cikin ƙarfinsa da mayaƙansa. Bayan haka Sarkin Damagaram Tanimun ya tara bindigogi masu ɗimbin yawa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, har daga baya Muniyo ta koma ƙarƙashin Damagaram. A zamanin da ya fi kusa kuma an ga tawayen shekarun 1990, an ga kafa hukumar tattara haramtattun makamai ta CNCCAI a 1994, an ga yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995, an ga ranar 25 ga Satumba 2000 da aka cinna wa tarin bindigogi wuta a Agadas. Sannan a 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa mai maƙwabtaka. To, a wuri irin wannan, mutumin kirki da ya ce yana son sayen bindiga don wasa, dole ya shirya amsa tambayoyi.

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a Gure, dattijo mai natsuwa, wanda ya rage masa ƴan shekaru ya yi ritaya. Tun yana yaro an san shi da iya saiti, domin da danƙo yakan kaɗo ɗan magarya daga reshe. A watan Yuli na 2024, lokacin wasannin Olamfik na Faransa, ya ga hoton da duniya duka ta gani: Yusuf Dikeç, mutumin Turkiyya mai shekara 51, tsohon jandarma, yana tsaye da furfurarsa, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan riƙe da ƙaramar bindigar iska, ya ci lambar azurfa tare da abokiyar gasarsa. Abin da ya kama zuciyar dattijon shi ne, ga wasan da tsufa ba ya kore mutum daga cikinsa. Ƙwallo ta gagare shi, kokawa ta wuce shi, amma tsayuwa da numfashi da ido suna nan.

Ya kamata mai karatu ya san ƙa'idar wasan, domin ita ce ke nuna irin bindigar da za a saya. Ana harbi ne daga nisan mita 10, a tsaye, da hannu ɗaya, ba tare da jingina ba. Abin da ake harba shi ne ƴar ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5, nauyinta kamar rabin giram, kuma iska ce ke tura ta, babu albarushi ko kaɗan. Takardar da ake bara tana da zobba goma, zoben tsakiya mai maki 10 faɗinsa milimita 11.5 ne kacal, bai kai kwabon dala ba. Ana yin harbi 60, cikakken maki 600 ke nan. Hukumar harbi ta duniya, ISSF, ta ƙayyade cewa nauyin bindigar kada ya wuce kilo ɗaya da rabi, kunamarta kuma kada ta tashi da ƙasa da nauyin giram 500. Wasan ya shiga Olamfik a 1988 a birnin Seul, kuma a 2009 Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci maki 594.

Dattijon yana da ƙane ɗan kasuwa mai fatauci tsakanin Damagaram da Kano. Da ya ji maganar sai ya yi dariya ya ce: "Yaya, ai wannan ba abin dogon tunani ba ne. Na sha ganin irinsu a kantunan waje, baƙaƙe, sak ta soja, ana cusa musu ƴar kwalbar gas. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ka bar mini, ni zan kawo maka."

Dattijon ya ce: "Alhaji, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma kai ne ka koya mini cewa araha ba ta ado. Bari in yi lissafi tukuna, irin wanda kake yi kafin ka ɗora kaya a mota."

Lissafin nasa ya fara ne da sanin cewa bindigogin iska iri huɗu ne. Ta farko mai sifirin ce, wadda ake karyawa a ɗana. Tana da juriya, amma a lokacin harbi sifirin yana zabura kafin ƙwaya ta bar bututu, sai hannu ya girgiza, kuma a nisan mita 10 girgizar da ido bai gani ba ta isa ta mai da goma ta koma bakwai. Ta biyu ita ce wadda Alhaji ya ambata, mai aiki da iskar CO2 da ke cikin ƴar kwalbar ƙarfe mai giram 12. Ta uku ana ɗura mata iska a tulu tun kafin a fara, ita ce zakarun duniya ke riƙewa. Ta huɗu kuwa tana ɗauke da famfonta a jikinta: a buɗe, a sa ƙwaya, a danne sau ɗaya, iskar harbi ɗaya ta samu.

Mai gas ita ce ta fi jan ido a kanti, amma yanayin Gure bai yarda da ita ba. Ƙarfin iskar CO2 yana bin zafin gari ne. A digiri 20 matsinta yana wajen bar 57, da zafi ya haura digiri 31 kuwa sai ruwan da ke cikin kwalbar ya daina zama ruwa, matsi ya yi ta hauhawa. A bazarar Gure, cikin Afrilu da Mayu, ana wuce digiri 40, sannan da sanyin hunturu asuba takan yi sanyi ƙwarai. Ma'ana, inda ƙwaya ta faɗa da safe ba nan za ta faɗa da azahar ba, wani lokaci ma bindigar takan cije don yawan matsi. Daɗin daɗawa, kwalba ɗaya harbi wajen 50 take bayarwa. Wanda ke harbi 60 sau uku a mako zai yi harbi 9,360 a shekara, watau kwalba kusan 190, ga shi babu mai ɗura su a Gure, sai an yi ta aike. Wannan ita ce rigar da ake saye da araha, a ƙare a wajen mai wanki.

Mai tulu kuwa ba ta da aibi wajen harbi. Kamfanoni irin su Steyr na Ostiriya, da Morini na Suwizalan, da Walther da Feinwerkbau na Jamus, da Pardini na Italiya su ne gwanayenta. Sai dai sabuwa takan haura euro 1,500, kuma tun da euro ɗaya sefa 655.957 ne, maganar miliyan guda ake yi, a ƙasar da a 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa jika 42. Bugu da ƙari tulun yana son iska mai matsin bar 200, alhali tayar ƙaramar mota bar 2 zuwa 3 take sha. Injin mai faci na bakin tasha ba zai iya ba, sai an sayi famfo na musamman, kuma tulun kansa shekara 10 ne wa'adinsa a ƙa'idar gasa. Dattijon yana da ɗiya da za a aurar, da ɗa a jami'ar Damagaram. Bai ɓata lokaci a kan wannan ba.

Saura mai famfo a jiki. Ba ta zabura, ba ta neman gas, ba ta neman tulu, iskar Allah da ke ko'ina ita ce abincinta. Abin da ke lalacewa a cikinta zoben roba ne, wanda ƙurar hunturu da zafi ke busarwa, kuma ana iya sayen ƴan canji tun farko a ajiye, a riƙa ɗiga man da kamfanin ya ambata, ba baƙin man mota ba. A wannan layi akwai Baikal IZH-46M ta Rasha, wadda ta yi suna wajen kyawun kunama, amma tana da nauyi a gaba, kuma takunkumin da aka sa wa Rasha ya sa ta yi wuyar samu a kasuwannin Turai da Amurka. Akwai FAS 6004 ta Italiya, da Gamo Compact ta Sifen mai mariƙin katako, da Weihrauch HW40 ta Jamus, da Beeman P17 da ake ƙerawa a ƙasar Sin a kan fasalin HW40, wadda ta fi duka araha. Ban da ta ƙarshen, galibinsu suna tsakanin euro 150 da 500, watau daga jika 100 zuwa wajen jika 330, kafin kuɗin dako da na duwan.

Abubuwa huɗu dattijon ya sa a gaba wajen tantancewa. Na farko kunama: ta kasance mai laushi, mai tashi a wuri ɗaya kullum, domin kunama mai tauri tana jan bakin bindiga gefe. Na biyu saitin baya: ya zama mai kusoshin juyawa sama da ƙasa, dama da hagu, don a bi da ƙwaya zuwa tsakiya. Na uku mariƙi: ya cika tafin hannu, in na katako ne ma ana iya fiƙe shi ko a ƙara masa har ya dace. Na huɗu bututu: ya zama mai zane a ciki, na milimita 4.5, mai cin ƙwayar darma mai shafaffen kai wadda ke huda takarda tsaf. Wadda ke harba ƙwallayen ƙarfe ba ta gasa ba ce, ga shi suna dawowa kan mai harbi in sun bugi abu mai tauri. Yawan gudu da ake rubutawa a kwali da manyan lambobi bai dame shi ba, domin bindigogin zakaru ma gudun ƙwayarsu wajen mita 150 ne a daƙiƙa. Takarda ake hudawa, ba gada ake kayarwa ba. Kuɗin da ba ya ƙarewa shi ne na ƙwaya: gwangwani ɗaya 500 ne, shekara tana cin wajen gwangwani 19.

Amma abin da ya fi nauyi a lissafin ba kuɗi ba ne. Alhaji ya ce masa: "Yaya, a Faransa fa babba yana shiga kanti ya saya da katin shaida kawai." Gaskiya ne, dokar Faransa ta sa bindigar iska mai ƙarfin jul 2 zuwa 20 a rukunin da baligi ke saye ba tare da izini na musamman ba. Sai dai dokar Faransa ta tsaya a Faransa. A Nijar izinin shigo da makami da riƙe shi yana hannun ma'aikatar cikin gida, kuma tsakanin Yamai da Gure akwai fiye da kilomita 1,000 da shingayen bincike masu yawa. Jandarman da ya buɗe kwali da dare ya ga abu mai siffar bindigar yaƙi ba zai tsaya auna jul ba. Ɗan kasuwar da aka samu da ita cikin kaya yana iya rasa kayan, ya rasa mutunci, ma'aikaci kuma yana iya rasa aikin da ya yi shekara 30 yana ginawa. Saboda haka dattijon ya hana ƙanensa saka ta cikin dilar atamfa. Ya ce kafin a kashe ko dala, shi zai sa rigarsa ya je ofishin farfe da na jandarma, da hoton bindigar da takardar bayaninta, ya nemi amsa a rubuce. Wannan dalili ne kuma ya sa ya kawar da kai daga duk wadda ta yi kama da ta soja, ya karkata ga mai mariƙin katako, wadda ko daga nesa an san ta wasa ce.

Sai maganar gida. Bindigar iska ba ta ƙara, wannan ne ke sa a raina ta, alhali tana fasa ido, tana kuma iya shiga jikin yaro. Gidan Bahaushe da na Bamange ba ya rabuwa da yara da awaki da masu shigowa ba sallama. Dattijon ya zaɓi wani lungu mai ƙofa ɗaya, bayansa katangar ƙasa mai kauri, domin siminti yana mai da ƙwaya. Ya tsara akwatin katako cike da tsummoki a bayan takarda don ya tare darma, da tabarau na kariya, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo, bindiga daban, ƙwaya daban. Darma guba ce: a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinariya. Don haka ba a sa ƙwaya a baki, ana wanke hannu bayan harbi, ana kwashe wadda aka harba kada kaji su tsattsage ko yara su yi wasa da ita. Ya kuma yi wa kansa iyaka cewa ba tsuntsu, ba ƙadangare, ba akuyar maƙwabci. Farauta tana da tata doka ta 1998, kuma mutanen Gure, da ke maƙwabtaka da gandun Termit da Tin Tumma da aka keɓe a 2012, sun ga yadda bindiga da mota suka share namun dajin da kakanninsu suka sani.

A ƙarshe ya tsai da shawara a kan mai famfo a jiki, mai mariƙin katako, tare da zobban roba na canji da gwangwanayen ƙwaya, bisa sharaɗin takarda ta fito. Kafin nan yana ɗaga kwalbar ruwa mai lita ɗaya da hannun dama bayan sallar asuba, yana kallon ɗigon tawada a bango, domin kafaɗa da numfashi ba a sayo su daga Turai. Alhaji ya daina dariya, har ya fara tambayar ko mai hannun hagu ma yana samun mariƙinsa.

Duk ma'aikaci ko ɗan kasuwar da wannan sha'awa ta kama, tsarin da ya kamata ya bi ke nan: izini tukuna, sannan wurin harbi, sannan lissafin shekara, bindiga ita ce ta ƙarshe. Wanda ya juya tsarin, ya fara da kanti, sau da yawa yakan ƙare da abin da ba zai iya fitarwa ba, ba zai iya sayarwa ba. Allah ya tsare, ya kuma zaunar da ƙasa lafiya.