Almakashi da Fartanya

A ƙasar Karaye da Rogo da wuya ka ga mai yankan farce da ya dogara da almakashinsa kaɗai. Cinikinsa na ranar kasuwa ne da safiyar Juma'a, sai kuma jajibirin Sallah. Sauran kwanaki gona ke riƙe da gida. Da damina yana cikin masara da dawa, da rani kuma wasu kan gangara bakin madatsar ruwa ta Challawa, a yankin Karaye, su kama noman rani.

Abin da nake yawan tunani a kai shi ne hannun. Hannun da ya wuni riƙe da ƙotar fartanya har ya yi kanta, shi ne zai dawo ya kama yatsan dattijo a tsanake, ya bi gefen farce ba tare da ya fid da jini ba. Aiki ɗaya ƙarfi yake so, ɗayan natsuwa. Gajiya kuwa ba ta zama uzuri, domin almakashin da ba a tsabtace ba yana iya ɗaukar ciwon hanta daga wani ya kai wa wani.

Haka mai ƙunshi take. Da safe tana koyarwa a Islamiyya, da yamma ƙafar amarya na kan cinyarta tana zana lalle. In lokacin biki ya zo, barci ne ke biyan bashin.

Ba kwaɗayi ne ya sa su haɗa biyu ba. Kowace sana'a da lokacinta, ita kuwa tukunya kullum sai an ɗora ta.