Wasiƙa Daga Ingila: Baƙin Layin Da Ke Cikin Majami'ar Durham

Yau ina so in ba ku labarin wani yawo da muka yi, ni da 'yata Ummi mai shekara biyu da wata huɗu.

Muna zaune a wani gari da a ke kira Durham, can arewa maso gabashin Ingila. Masu garin "Daram" su ke cewa. Daga Landan tafiyar kamar awa 3 ce a jirgin ƙasa. Karatu ya kawo maigidana jami'ar garin, wadda aka kafa a 1832, ni kuwa na ajiye alli na biyo shi. Ba zan ɓoye muku ba, watanni huɗu na fari ban san ko'ina ba sai ɗakinmu da kantin da ke bakin hanya. Mun iso ana shiga hunturu, tun ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. Ga ruwa, ga iska, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Ummi ta yi ta rigima don zaman wuri ɗaya, ni kuma kewar gida ta dame ni. Ta tagarmu kuwa kullum ina hangen wani ƙaton gini bisa tudu, mai hasumiya uku. Wannan ita ce babbar majami'ar garin, watau coci.

Rannan maigida ya ce mini, "Ke da ki ke koya wa yara tarihi, ga tarihi a ƙofar ɗakinki kin ƙi kallo." Na ce, "Malam, ni Musulma, me zai kai ni coci?" Sai ya tuna mini da labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi. Masu tarihi sun ce sa'ad da ya karɓi Ƙudus, babban limamin Kirista ya zaga da shi har cikin majami'arsu. Da lokacin salla ya yi aka ce ya yi ta nan, sai ya ƙi, ya fita waje ya yi, don kada Musulmi na baya su ce wurin ya zama nasu. Malam ya ce, "Kin gani, ya shiga, ya duba, ya girmama masu wuri, sallarsa kuma ya kai ta inda ta dace. Ke ma kallo za ki, ba ibada ba." Na kwana ina juya maganar. Da gari ya waye na shirya Ummi muka fita.

Kuskuren fari da na yi shi ne ɗaukar keken tura yara. Tsohon garin bisa tudu ya ke, kogin Wear ya kewaye shi ta gefe uku, hanyar hawa kuwa an daɓe ta da duwatsu masu ƙulu-ƙulu. Keke ya yi ta tsalle, Ummi ta yi ta kuka. Da na ga abin ba shi yiwuwa, sai na zaro zane da majanyi daga jaka na goya ta. Turawa suka yi ta kallonmu suna murmushi, har wata ta tsaya ta tambaye ni yadda a ke ɗaurin. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Daga ranar ban sake zuwa tudun nan da keke ba.

A kan tudun akwai wani fili mai ciyawa. Gefe guda ga gidan sarauta mai ganuwa, wanda aka fara ginawa a 1072, yau ɗaliban jami'a ke kwana ciki. Ɗaya gefen ga majami'a. Tun ba mu kai ƙofa ba na nuna wa Ummi wata saniya da aka sassaƙa a jikin bango tare da mata biyu, ta yi ta cewa "Muu!" Saniyar nan tana da labari. Akwai wani malamin Kirista mai suna Cuthbert, wanda mutanen arewacin Ingila ke ɗauka waliyyi. Ya rasu a 687, aka binne shi a tsibirin Lindisfarne. A 875 mahara masu zuwa ta teku suka matsa wa tsibirin, almajiran wurin suka ɗauki akwatin gawarsa suka gudu. Su da jikokinsu suka riƙe akwatin nan shekara 120 kafin ya sami wurin zama na dindindin. An ce suna neman wani wuri da ba su san hanyarsa ba, sai suka ji wata mai tatsar nono tana cigiyar saniyarta, wata kuma ta ce mata ta gan ta a Dun Holm. Suka bi ta, suka iso tudun nan a 995. Kun ji yadda cigiyar saniya ta kafa gari.

A jikin babbar ƙofa akwai wata fuska ta tagulla, kamar ta zaki, da zobe a bakinta. Ummi ta ɓoye fuska a bayana ta ce, "Dodo!" A zamanin da, in mutum ya yi babban laifi, ko da kisan kai ne, ya gudo ya kama zoben nan ya ƙwanƙwasa, to, ya tsira daga masu binsa. A buɗe masa ko da tsakar dare ne, a ba shi ci da sha da wurin kwana har kwana 37. Cikin kwanakin nan zai zaɓa, ko ya tsaya gaban shari'a, ko ya bar ƙasar. Wadda ke jikin ƙofa yanzu kwaikwayo ce, ta ainihin an ajiye ta a ɗakin kayan tarihi na majami'ar don kada ta lalace.

Da na sauke Ummi a bakin ƙofa, sai ta zauna daɓas ta kama cire takalmi. Ta ga babban ɗaki, mutane na shiga a natse, ta zaci masallaci ne. Na ce mata, "A'a Ummi, nan ɗakin ibadar waɗansu ne. Su ba su cire takalmi, amma ba a ihu, ba a gudu." Ban sani ba ko ta gane. Ni dai raina ya yi fari, don na ga tarbiyyar gida ta biyo mu har nan.

Jama'a, gani ya kori ji. An fara ginin nan a 1093, aka gama mafi yawansa a 1133, watau shekara 40, ba inji, ba siminti irin namu na yau. Ginshiƙan dutse sun jeru hagu da dama. Kewayen kowane ɗaya daga cikin masu siffar ganga ya kai wajen ƙafa 22, an kuma yi musu zane, wani kamar tafiyar maciji, wani kamar saƙar tabarma. Da na ɗaga kai na ga bakuna na dutse sun gitta juna suna ɗauke da rufi, nan da nan na tuna da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina da ƙasa da azara a ƙarni na 19. Ashe gwanaye ko'ina tunaninsu ɗaya, kowa so ya ke mai ibada ya ɗaga kai ya ga ƙanƙantarsa. Ummi kuwa ba ta damu da sama ba. Ta sa yatsa cikin zanen ginshiƙi tana bi, ta zaga shi har sau uku. Ba don ita ba da na wuce ban lura ba cewa kowane dutse da nasa yankin zane, sai an jera su sa'an nan zane ya haɗu.

Ana nan sai ta ce "Umma!" da ƙarfi, ginin ya amsa mata. Abin ya yi mata daɗi, ta sake, ta kuma sakewa. Kunya ta rufe ni. Na miƙa hannu zan kama ta, ta zille ta ruga gaba tana dariya. Na hangi wata tsohuwa daga cikin masu kula da baƙi ta nufo mu. Na ce a raina, shi ke nan, yau za a kore mu, ga lulluɓi a kaina, ga 'ya mai ihu. Na fara ba ta haƙuri. Ta ce, "'Yata, bar ta. Ginin nan ya ji abin da ya fi wannan. Amma kin lura da abin da ta tsallake?"

Ta nuna mini ƙasa. Ga wani layi na baƙin dutse ya ratsa daɓe daga wannan gefe zuwa wancan, can baya kusa da ƙofa. Ta ce shekaru ɗaruruwa mace ba ta da ikon wuce layin nan, ko 'yar wa ce. A lokacin wurin yana hannun ruhubanawa ne, watau malamai masu gudun duniya waɗanda ba su aure, tun daga 1083 har Sarki Henry na Takwas ya rushe tsarinsu wajen 1540. Su suka ce Cuthbert ba ya son mata kusa da kabarinsa. Har ana ba da labari cewa a 1333 Sarauniya Philippa, matar Sarki Edward na Uku, ta sauka a gidan shugaban ruhubanawan, da aka gaya mata dokar sai ta tashi cikin dare da rigar barci ta koma gidan sarauta.

Na tambaye ta, "Iya, shi waliyyin nasu haka ya faɗa?" Ta girgiza kai. Ta ce littattafan da aka rubuta kusa da zamaninsa sun nuna yana ziyartar manyan malamai mata, suna neman shawararsa, har likkafaninsa mace ce ta ba shi ƙyallen. Bayan rasuwarsa da shekaru kusan 400 aka fara jingina masa ƙin mata. Yau kuwa a Cocin Ingila mata suna limanci tun 1994, a 2015 aka naɗa mace ta fari bishop. Wannan sha'anin addininsu ne, ba ni da ta cewa ciki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutane suka ja layi, suka sa masa sunan wanda bai ja shi ba, na baya suka tarar suka bi ba tambaya.

Daga nan ta kai mu wani ɗaki a yammacin ginin, wanda aka yi cikin shekarun 1170, nan aka yarda mata su shiga a da. A ciki akwai kabarin wani malami mai suna Bede, wanda ya rasu a 735. Yana ɗan shekara 7 aka kai shi karatu, bai bar karatu da koyarwa ba har mutuwarsa. A 731 ya gama littafinsa na tarihin mutanen Ingila, shi ne kuma ya yaɗa ƙidayar shekara ta Miladiyya. 'Yan makaranta, in kuka rubuta kwanan wata a saman littafinku gobe, ku san aikin malamin nan yana ciki. Hasumiyar tsakiya ba mu hau ba, matakalanta 325 ne, ba a kuwa barin ƙananan yara. Muka sa abin da ya sawwaƙa cikin akwatin gyaran gini, muka gangara bakin kogi Ummi ta kalli agwagi, muka isa gida kafin azahar ta wuce.

Ga 'yar shawara ga wadda Allah ya kai irin wannan wuri da ƙaramin yaro. Ki tafi da hantsi, bayan ya ci ya ƙoshi. Ki tambayi lokacin ibadarsu, ki bari sai sun gama. Ki sa masa kayan sanyi ko da rana ta fito, don ginin dutse sanyi gare shi. Kada ki ba shi abinci a ciki. Wuri ɗaya ya isa a yini, sauri ya haifi nawa. Ki kuma bi tafiyar yaron, inda ya tsaya ki tsaya, sau da yawa idonsa ya fi naki gani.

To, 'yan'uwa, da na koma gida na zauna na yi tunani. Ni ma wata huɗu ina da baƙin layi a ƙofar ɗakina. Addini bai ja mini shi ba, maigida bai ja mini shi ba, tsoro ne kawai da rashin tambaya. Akwai iyakokin da Allah ya sa, waɗannan mu riƙe su da hannu biyu, a gida ko a baƙon wuri. Akwai kuma waɗanda mutane suka ja. Mai cewa karatun 'ya mace ya tsaya a aji shida, ku tambaye shi cikin ladabi inda ya samo wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma aika jajis ƙauye-ƙauye suna koya wa mata. Ilmi kaɗai ke raba mana wannan iyaka da waccan.

Ba kuma sai kun zo Ingila ba. Mata nawa ne a Katsina suka taɓa kai 'ya'yansu su ga hasumiyar Gobarau? Nawa ne a Kano suka shiga Gidan Makama? Ku nemi izinin masu gida, ku goya na goyo, ku riƙe hannun mai tafiya, ku je ku gani. Mu kam mun sa ranar zuwa York, in Allah ya kai mu za ku ji labari. Ummi tana gaishe ku, har yanzu in ta hangi hasumiya ta taga sai ta ce, "Dodo!" Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya raya mana zuriya, amin. Wassalam.