Karta da Takarda: Kaka Ɗaya, Gida Daban

Akwai kalmomi biyu da ba mu cika haɗa su a numfashi ɗaya ba. Takarda ta malam ce, tana kwance a gafaka. Karta kuwa ta 'yan caca ce da ke zama a bayan tasha. Amma masana harshe da suka bi sawunsu sun tarar kakarsu ɗaya, wato "charta" ta Latin, wadda Romawa suka aro daga Girkawa, sunan fallen rubutu da Misirawa ke yi da ciyawar bakin kogin Nilu. Takarda ta iso mu ta bakin Buzaye, shi ya sa take ɗauke da "ta" ɗin nan na farko irin na harshensu, kamar takobi. Karta daga baya ta biyo.

Abin da ya tayar da zancen shi ne wata karta da ta cika wayoyinmu a 'yan shekarun nan, daga Garwa da Ngaundare har unguwar Hausawa ta Yawunde. Sunanta tarot, Faransawa na furta shi "taro", ko da yake bai haɗa komai da taron biki ba. Sai ka ga mace ta baza katuna masu hotuna a kan tebur, tana zuba Faransanci mai daɗi, tana gaya wa wanda ba ta taɓa gani ba ranar aurensa da ranar samun bizarsa, sannan ta nuna lambar da za a tura kuɗi. Hukuncin duba malamanmu sun gama bayaninsa, ba za mu maimaita ba. Abin da ke kama yaranmu masu boko wani ƙugiya ne daban: ana ce musu wannan ilimin Misira ne na zamanin Fir'auna, gadon Afirka da Turawa suka sace. Wa zai ƙi a ce kakanninsa ne masu asiri?

To, mu tambayi katin da kansa, da me aka yi shi. Fallen ciyawar Misira, wadda Larabawa ke kira bardi, naɗe shi ake yi kamar tabarma, ba ya jure a riƙa cuɗa shi ana rabawa. Fatar rubutu tana da ƙarko, amma littafi guda kan cinye garken tumaki. Karta ba ta yaɗuwa sai inda takarda ta yi araha, ita kuwa takarda a Sin aka haife ta. Tarihinsu ya jingina ta ga wani bafade, Cai Lun, a shekarar 105. Ta ratsa Samarƙandu, ta kai Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 8, ta haura Andalus. A ƙarni na 13 mutanen garin Fabriano na Italiya suka ƙware wajen daka tsummokara su mai da su takarda, har suka ƙirƙiro tambarin da ke ɓoye a jikin falle, wanda ba a gani sai an ɗaga shi ga haske.

Karta ta shiga Turai wajen 1370, kuma abin dariyar shi ne lallai daga Masar ta fito, sai dai Masar ta Mamluk, sarakunan Musulmi na Alƙahira, kusan shekara dubu bayan an manta yadda ake karanta rubutun Fir'auna. Irin tasu tana nan ajiye a fadar Topkapi da ke Istanbul: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan folo. Manyan katunan su ne maliki da na'ibi da na'ibi na biyu. A 1377 hukumar birnin Fulorens ta hana wani wasa da ta kira "naibbe", kuma har gobe Sifaniyawa "naipes" suke ce wa karta. Masana da yawa na ganin na'ibin nan ne dai da muka sani, irin na limamin masallacin Juma'a. Turawan lokacin ba su san folo ba, sai suka mai da sandunansa sanduna kawai.

Tarot kansa a arewacin Italiya aka tsiro da shi, kuma ambatonsa na farko a rubuce yana wajen 1440. An ɗauki kartar da aka sani aka ƙara mata kati 22 masu hotuna, jimla ta zama 78. Gidajen sarautar Milan da Ferrara suna sa a zana musu nasu da hannu, a shafe da zinariya. A cikin hotunan akwai Mutuwa da Rana da Wata da Wawa, akwai kuma Paparoma, wanda dai babu bokan Fir'auna da ya taɓa jin labarinsa. Aikin waɗannan katuna shi ne su cinye sauran a wasa. An shafe fiye da shekara ɗari uku ana buga shi don nishaɗi, kuma har yau ana gasarsa a Faransa.

Labarin Misira a 1781 aka haife shi. Wani marubuci a Faris, Antoine Court de Gébelin, ya tarar ana buga wasan a wani gida, ya dubi hotunan, nan take ya yanke cewa ragowar littafin Thoth ne, abin bautar Misirawa. Ba shi da hujja, kuma ba wanda zai ƙaryata shi, domin sai a 1822 Champollion ya warware rubutun Misira. Da aka karanta, ba a ga tarot a ciki ba. Amma kafin nan wani mai suna Etteilla ya riga ya mai da abin sana'a, yana duba yana karɓar kuɗi.

In gadon da ya haɗa mu da wannan hanya muke nema, yana cikin gidajenmu. Arewacin Italiyar da ta yi tarot ita ce ta yi yawancin takardar da malaman Kano da Sakkwato suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19, daga masana'antu irin ta gidan Galvani da ke ƙasar Banis. Tana tsallaka teku zuwa Tarabulus da Alƙahira, raƙuma su ratso da ita Sahara. Tsadarta ce ta sa yaro ke fara karatu a allon da ake wankewa, da alƙalamin gamba da tawadar gawayi da ƙaro. Takarda sai wanda hannunsa ya zauna. Littattafan nan ba a ɗinke su, falle-falle suke cikin tadarishi, don haka marubuci kan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, kada su cuɗe. Fatake da almajirai sun sauko da irinsu Adamawa har zuwa kudu. Wanda ke da tsohon littafin kakansa ya zaro falle ɗaya a hankali ya ɗaga shi ga rana. Sau da yawa zai ga jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami.