Nutso na Huɗu

Da wuya a sami yaron da ya tashi a gidan Kirista a Jalingo wanda bai ji labarin Na'aman ba tun yana makarantar Lahadi. Labarin yana cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 5. Na'aman sarkin yaƙin Suriya ne, jarumi abin tsoro, amma kuturu. Da ya ji labarin Annabi Elisha daga bakin wata 'yar baiwa, sai ya ɗauri azurfa da zinariya ya nufi ƙasar Isra'ila. Annabin ko leƙowa bai yi ba. Aike ya yi a gaya masa ya je Kogin Urdun ya yi wanka sau bakwai. Nan fa gogan naka ya fusata, domin ya zaci za a fito a tsaya a kansa, a kira sunan Ubangiji, a shafa wurin ciwon. Barorinsa ne suka lallashe shi har ya shiga ruwan, ya kuwa fito da fata sumul.

Muna yara, wannan ƙarshen shi ne abin da ke burge mu. Sai da ciwo ya shigo gidanmu sannan hankalina ya koma kan nutso na uku da na huɗu, lokacin da babban mutum yake tsaye cikin ruwa a gaban barorinsa, alhali warakar tana jiran na bakwai.

Kawuna manomi ne, yana zaune a unguwar Magami. Wani tabo ne mai haske ya fito masa a baya, in an tsikare shi da allura ba ya ji. Sannu a hankali yatsun hannunsa na hagu suka soma mutuwa. A asibiti aka ce kuturta ce, aka ɗora shi a kan magani na wata goma sha biyu. Ga wanda bai sani ba, tun 1981 masana a Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar haɗa ƙwayoyi uku don wannan cuta, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su a duniya duka. Kowane wata majinyaci zai je ya haɗiyi na farko a gaban ma'aikacin lafiya, ya karɓo sauran ya riƙa sha kullum a gida. Da zarar an fara shan su, mutum ba ya yaɗa cutar. Sai dai ɗaya daga cikinsu yana rina fata ta yi duhu, wani kuma yana mai da fitsari ja. Fuskar Kawu ta canja, mutane suka fara kallonsa a majami'a.

A wata na huɗu wani baƙon mai wa'azi ya zo gari ya kafa taron farkawa na kwana uku. Ya ɗora wa Kawu hannu, ya ce ya warke, ya kuma ce duk wanda ya koma ga ƙwaya bayan addu'a ya nuna shakka ga Allah. Kawu ya zuba sauran maganin a masai. Ban ga laifinsa sosai ba. Mutum ne mai bangaskiya da gaske, kuma abin da aka miƙa masa shi ne daidai abin da Na'aman ya so tun farko: a tsaya a kansa, a ɗaga murya, a gama komai a dare ɗaya.

Alal haƙiƙa wannan koyarwa baƙuwa ce a ƙasarmu. Bishara ta shigo yankin Binuwai ne da Littafi a hannu guda, akwatin magani a ɗayan. C. W. Guinter, ɗan mishan daga Amurka, ya sauka Wukari a 1906, ya kafa aiki a Bambur a 1923, kuma asibitin da aka gina a can sunansa aka sa masa. Daga wannan tushe ne ikilisiyar Muri ta fito, wadda daga baya ta zama ta Methodist mai hedkwata a Jalingo. Iyayenmu da suka karɓi addinin ba su taɓa ganin allura kishiyar addu'a ba ce. Abokaina Musulmi ma, in na ba su wannan labari, sukan kawo mini zancen ɗaure raƙumi kafin a ce an dogara ga Allah.

Wanda ya shawo kan Kawu wani tsohon mai-bishara ne da ya taɓa aikin ba da magani a ɗakin shan magani na mishan. Bai yi masa faɗa ba. Ya zauna a kan tabarma ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya karanta masa surar nan tun daga farko, sannan ya rufe.

"Ƙanena, sau nawa aka ce Na'aman ya shiga ruwa?"

"Sau bakwai, Baba."

"Da ya fito a na huɗu ya ce bangaskiyarsa ta isa, me za ka kira shi?"

Kawu ya yi shiru. Tsohon ya ce, "Naka Urdun ɗin wata goma sha biyu ne. Ni zan riƙa raka ka."

Abin da na fahimta daga nan shi ne, biyayya ga maganar Allah ba kasafai take zuwa da ƙasaita ba. Ta fi zuwa da siffar ƙaramin abu mai gundura, wanda girman kai ke ƙi: bin layi tare da waɗanda kake jin kunyar a gan ka da su, haɗiyar ƙwaya da safe ranar da ba ka ga wani canji ba. Ba na musun cewa Ubangiji yana warkarwa farat ɗaya in ya so. Amma mutum ba shi ke zaɓar wa Allah hanya ba, kuma wanda ya hana majinyaci maganinsa da sunan bangaskiya, jikin wani yake caca da shi.

Ma'aikatan lafiya suka mai da Kawu kan magani. Kowane wata tsohon yakan zo da sassafe, su yi addu'a a ƙofar gida, su hau acaɓa su tafi. Matan zumunta suka ɗauki nauyin kununsa. Ya gama, aka sallame shi, duhun fatar ya washe a hankali. Yatsu biyu na hagu dai ba su miƙe ba, domin jijiyar da ta riga ta mutu magani ba ya tayar da ita. Da sauran ukun yake tallafar ƙotar fartanya, kuma bana ma ya shuka masara da gyaɗa a gonarsa ta bakin Kogin Lamurde.